Ruwan rini kafin ya bar masaƙa: tafki, sinadari, ƙwayoyin halitta ko tantani?

Duk wanda ya taɓa bin Sharada ko Challawa ko Bompai a Kano da ƙafa ya san lambatun da ruwansu ke sauya launi: da safe shuɗi, da la'asar ja mai duhu, wani lokaci har da tururi. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharada ya gangara Salanta, na Challawa ya faɗa kogin Challawa. A bakin waɗannan ruwaye ne 'yan lambu ke girke injin ban ruwa suna shayar da latas da alayyafo da karas ɗin da muke saya a kasuwa. Kamfanonin jima suna da kaso mai yawa a cikin wannan ɓarna, amma masaƙu da masu rini ma suna da nasu. Haka abin ya kasance a Kakuri lokacin da masaƙun Kaduna ke tashe, tun daga buɗe ta farko a 1957.

Wannan rubutu na mai masaƙa ne, ko mai gidan rini, da ya ƙudura zai gyara ruwansa, ga dillalai sun kewaye shi kowa yana yabon hajarsa.

Abin da ke cikin ruwan

Rinin kilo ɗaya na yadin auduga, daga wanke kanzo, wato sitacin da ake shafa wa zare kafin saƙa, zuwa ɗauraya ta ƙarshe, yakan ci lita 100 zuwa 150 na ruwa. Ke nan masaƙar da ke rina tan ɗaya a rana tana zubar da abin da zai cika tankar lita 33,000 sau uku zuwa huɗu, ko ma fiye. Launi shi ne abin da ido ke gani, amma akwai wasu abubuwa huɗu tare da shi: sitaci da sabulu da mai waɗanda ke shanye iskar ruwa har kifi ya mutu, kaifin soda da ke kai pH (ma'aunin tsami da kaifin ruwa) zuwa 10 ko 12, zafi, sai kuma gishiri.

Gishirin nan ne aka fi mantawa da shi. Rinin da ke narkewa ya kama auduga, wanda masana ke kira riyaktif, ba ya shiga zare sai an zuba gishiri, giram 50 zuwa 80 a kowace lita idan launi mai duhu ake so. Mu ɗauka an rina tan ɗaya a cikin lita 10,000 da giram 60 a lita: kilo 600 ke nan, buhu 12 masu kilo 50, kuma duk lambatu za su bi. Ga shi kuma shi kansa wannan rini ba ya kamawa duka. Kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na iya fita da ruwan wanki. Rinin da ba ya narkewa, irin baba na kanti da ake haɗawa da soda da haidiro (sinadarin da ke narkar da shi a tukunya), ko na yadin roba, halinsa daban ne, kuma wannan bambanci shi ne zai raba mana gardama a gaba.

Ma'aunan zaɓi

Na farko, me hanyar ke cirewa, me take bari. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli a Najeriya, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masaƙu da kamfanonin fata a 2009. Ruwan da za a saki dole pH ɗinsa ya tsaya tsakanin 6 da 9, zafinsa kuma ya gaza digiri 40, ban da iyakokin launi da dauɗa da ƙarafa.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin iri biyu ne: na gini, wanda ake biya sau ɗaya, da na kullum. A ganina na biyun ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ke sa a kulle matata a bar ta ta zama kango. Na uku wuta. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit, kowane injin da zai kwana yana juyawa sai an yi masa lissafi, balle a ce da dizal ne. Sai ƙarko, sai sauƙin sarrafawa ga ma'aikatan da kake da su a yau, sai fili, sai haɗari, sai tambayar da dillali ba ya son a yi masa: ina za a kai lakar da ta kwanta?

Kafin kowace hanya akwai abu biyu da babu zaɓi a kansu. Rariyar ƙarfe da za ta tare zare da tsumma, da babban tankin gauraya inda ruwan yini guda zai taru ya huce, na soda ya haɗu da na asid, mai duhu ya haɗu da mai haske. Wanda ya tsallake wannan tanki don rage kuɗi, duk abin da ya gina a bayansa ba zai zauna daidai ba.

Tafkuna da fadamar kachala

Ita ce hanya mafi sauƙi: a tara ruwan a jerin tafkuna na makonni, rana da iska da gansakuka su yi aikinsu, sannan ya ratsa kwarin tsakuwa da aka shuka wa kachala ko jema. Kachalar da ta addabi manoman Hadejia da Nguru a nan amfani take yi.

Wuta kusan babu, gyara kuma yankan ciyawa ne da yashe laka. Idan an shimfiɗa leda mai kauri ko yumɓu a ƙasan tafkin, zai yi shekaru masu yawa. Tsadarta a fili take. Lita 150,000 a rana, idan za su zauna kwana 20 a zurfin mita ɗaya da rabi, suna buƙatar murabba'in mita 2,000, wato sama da fuloti huɗu na ƙafa 50 da 100, ban da filin kachalar. Kuma ba ta iya wa launi mai ƙarfi, domin ruwan da ya yi baƙi yana hana hasken rana shiga, gansakukar ta mutu. Gishiri kuwa ƙaruwa yake yi, saboda ruwa na tashi da zafin rani ya bar shi. Babban haɗarin shi ne tafkin da ba a shimfiɗe ba: a hankali yake tsatsafowa cikin rijiyoyin maƙwabta, kuma kafin a farga an yi shekaru ana sha. Ga sauro, ga yara, ga ambaliyar watan Agusta.

Kwantar da dauɗa da sinadari

Wannan kowa ya san asalinta, don ita ce dabarar jefa alam a randar ruwan rafi. A masana'anta ana amfani da alam, ko gishirin ƙarfe tare da farar ƙasa, a biyo da ɗan sinadari mai yauƙi da ke haɗa ɓarɓashin ya yi nauyi ya nutse.

Kada ka sayi buhu ko ɗaya sai ka yi gwajin kwalba. Ka jera kwalabe shida, ka cika kowace da lita ɗaya daga tankin gauraya, ka sauko da pH zuwa wajen 6 ko 7 idan alam za ka gwada, ka zuba wa kowace adadi daban. Ka juya da ƙarfi minti ɗaya, ka juya a hankali minti goma sha biyar, ka bar su. A kwalbar da aka dace za ka ga ɓarɓashi kamar audugar rimi yana haɗuwa yana sauka, sama ta washe, ƙasa ta yi kauri kamar kamu. A wadda aka cika hannu ruwan zai sake dagulewa. Wannan gwajin na rabin awa shi zai gaya maka buhu nawa za ka riƙa ci a wata, kuma ya fi duk takardar da dillali zai nuna maka.

A nan ne bambancin rini ke fitowa. Wanda ba ya narkewa, alam na kwashe shi sarai. Mai narkewa kuwa yakan bar ruwan da ja-ja ko shuɗi-shuɗi ko an ninka alam. Gishirin ƙarfe da farar ƙasa sun fi iya masa, sai dai lakar da suke tarawa ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Gininta ba shi da tsada sosai, fili kaɗan take ci, kuma tana da wata falala da ta dace da mu: ana iya kashe ta a kunna. In an ɗauke wuta yau, gobe a ci gaba daga inda aka tsaya. Tankunan siminti na daɗewa, famfunan zuba sinadari ne ke saurin lalacewa saboda asid. Sai dai kuɗin sinadari ba ya yankewa ko na rana ɗaya, sitacin da ya narke yawancinsa wucewa yake yi, gishiri kuma ko gezau. Laka ita ce nauyin da ke kanta. Duk launin da ya bar ruwa yana cikinta, har da ƙarafa irin su jan ƙarfe da kuromiyam da wasu rinai ke ɗauke da su. Dole a busar da ita a kan gadon yashi ko a matse ta da inji, a adana ta inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba. A wasu ƙasashe kamfanonin siminti ne ke ƙona ta a murhunsu. Wanda ya jibge ta bayan katanga, ruwan farko na damina zai mayar da ita lambatun da aka raba ta da shi. Kuma don Allah kada a ba manomi ita da sunan taki.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake roƙon a guje mata, wato zuba bilic a ruwan rini. Launin zai ɓace nan take, amma abin da ke samuwa daga haɗuwar kulorin da rini yakan fi rinin guba, kuma ya fi shi daɗewa a ruwa.

Ƙwayoyin halitta

A nan ana kiwon ƙwayoyin bakteriya ne a cikin babban tanki, ana hura musu iska dare da rana, su kuma suna cinye sitaci da sabulu da mai. Idan tankin na da lafiya, yana cire kashi 90 cikin 100 ko fiye na dauɗar da ke ruɓewa, abin da alam ba zai taɓa yi ba. Lakarsa ba ta kai ta sinadari yawa ba, kuma abin da ake saya ɗan takin yuriya ne da na fosfet don ciyar da ƙwayoyin.

Kalmar kiwo da na yi amfani da ita da gangan ne. Masu rai ne, suna jin yunwa, suna jin zafi, suna mutuwa. Ruwan da ya haura digiri 40 ko mai kaifin soda yana kashe su. Na taɓa shiga wata masana'anta bayan injin hura iskarta ya yi kwana uku a tsaye. Tankin da ya kamata ya zama ruwan ƙasa-ƙasa mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi ya koma baƙi ƙirin, kumfa ta daskare a samansa, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika harabar. Ma'aikacin da ke kula da shi, dattijo ne, ya ɗebo a kofin roba ya ɗaga wa rana, babu abin da ya kwanta. Ya ce mini, “Ɗana, sai mun sake reno daga farko.” Renon nan makonni yake ɗauka, kuma duk tsawon lokacin ruwan na fita yadda ya shigo. Injin hura iska shi kaɗai yakan ci rabin wutar irin wannan matata ko fiye, saboda haka wanda ba shi da tabbacin wuta ta awa 24, da injin hura iska na biyu a ajiye, kada ya fara.

Game da launi, tankin iska shi kaɗai ba ya yin abin kirki. Mafi yawan rinin zamani, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, dangin azo ne, kuma ƙwayoyin da ke rayuwa ba tare da iska ba ne ke iya tsinke su. Shi ya sa ake sa rufaffen tanki a gaba. Sai dai idan azo ya tsinke, launi ya tafi, yakan bar wasu sinadarai da aka tabbatar wasunsu na jawo ciwon daji, waɗanda Tarayyar Turai ta hana shigar da tufafin da ke fitar da su tun 2002. Tankin iska da ke biye ne ke ƙarasa yawancinsu. Don haka tankunan biyu tare suke tafiya, ruwan da ya fito daga rufaffen tanki ya yi haske ba a sakinsa.

Haɗarin rai ma a nan yake. Iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai tana taruwa a ƙasan tanki da rami, in ta yi yawa hanci ma ba ya jin ta, kuma tana kayar da mutum cikin daƙiƙu. Kada a tura leburan yashe laka ciki sai an hura iska, an gwada, an ɗaura masa igiya, wani na tsaye a sama.

Tantani da hana ɗigo fita

Masu fiya wata sun san na'urar: ana tura ruwa da matsi mai ƙarfi ta cikin tantani, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. A cikin duk hanyoyin nan ita kaɗai ce ke raba ruwa da gishiri, kuma ruwan da ta tace ya fi na burtsatse kyau wajen rini. Amma ba ta tsayawa da ƙafarta. Sai ruwan ya bi ta ƙwayoyin halitta, ya bi ta sinadari, ya bi ta yashi da gawayi, in ba haka ba tantanin ya toshe cikin makonni. In an kula da shi yakan yi shekara 3 zuwa 5, kuma da dala ake sayo shi. Sannan kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na ruwan yana fitowa gefe ɗauke da dukkan gishirin. Ƙafar da wannan ragowar da tururi shi ne mafi tsada a duk harkar.

Garin Tirupur na jihar Tamil Nadu a Indiya ya bi wannan hanya, kuma ba da son ransa ba. Shekaru gidajen rininsa suna zuba ruwa a kogin Noyyal har gishiri ya lalata gonaki da rijiyoyi, madatsar Orathupalayam ta zama matattarar ruwan rini. Manoma suka kai ƙara. A watan Janairun 2011 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin rufe gidajen rini da na wankin yadi sama da 700 har sai sun daina sakin ko ɗigo. Dubban ma'aikata suka zauna a gida. Yau suna dawo da kashi 90 cikin 100 ko fiye na ruwansu, suna mayar da wani ɓangare na gishirin cikin tukunyar rini, amma kuɗin rini ya tashi, kuma gaurayayyen gishirin da ba shi da amfani yana nan jibge a rumbuna. Rani mai tsawo irin na Kano zai iya rage wannan tsada ta hanyar shanya ragowar a shimfiɗaɗɗen tafki marar zurfi, muddin an yi tanadin watannin damina.

Matatar haɗin gwiwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin ƙananan gidajen rinin Tirupur ba su gina tasu ba, bututu suka ja zuwa matatun haɗin gwiwa kusan 20, kowa na biya gwargwadon ruwan da ya tura. Kuɗin kowace lita yana sauka, kuma ana iya ɗaukar ƙwararren ma'aikaci. Rauninta na mutane ne: wanda ba ya biya, da wanda ke sako ruwa mai kaifi da tsakar dare. Sai da mita a bakin kowane bututu. A wuri irin Challawa kuma dole a raba layin majema da na masu rini, don kuromiyam ɗin jima yana mayar da dukkan lakar mai haɗari.

| Hanya | Kuɗin gini | Kuɗin kullum | Wuta | Launi | Gishiri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tafki da kachala | Kaɗan, in akwai fili | Kaɗan ƙwarai | Kusan babu | Rauni | Ba ta cirewa | Tsatsafowa cikin rijiyoyi |
| Sinadari | Matsakaici | Mai yawa | Kaɗan, tana jure yankewa | Sosai ga marar narkewa | Ba ta cirewa | Tarin laka |
| Ƙwayoyin halitta | Mai yawa | Matsakaici | Awa 24 | Matsakaici, in tanki biyu ne | Ba ta cirewa | Mutuwar ƙwayoyi, iska mai guba |
| Tantani | Mafi tsada | Mafi tsada | Mai yawa ƙwarai | Duka | Duka | Toshewa, ragowar gishiri |
| Haɗin gwiwa | Ana rabawa | Gwargwadon ruwanka | A wuyan ƙungiya | Ya danganta da ginin | Ya danganta da ginin | Rashin biya |

Wa ya dace da wace

Mai rinin shadda a cikin unguwa, da durom da soda da haidiro, wanda ruwansa bai wuce 'yan ɗaruruwan lita a rana ba, sinadari ne nasa, kuma ba ya buƙatar inji. Rami biyu na siminti sun isa: a tara a na farko, a kaɗa shi ya sha iska har rinin ya koma ɓarɓashi, a karya kaifin sodar, a sa alam, a tsiyaye zuwa na biyu ta cikin yashi da gawayi. Tsofaffin marinan Ƙofar Mata, masu baba da toka, karofi ɗaya suke amfani da shi wata da watanni, katsin da ya kwanta ma ba a yar da shi. Al'adar tara ruwan rini wuri ɗaya ba baƙuwa ba ce a wajenmu. In masu rinin sun kai goma a layi ɗaya, su haɗa kuɗi su gina guda mai kyau.

Matsakaiciyar masaƙa da wutarta ba ta da tabbas ta fara da tankin gauraya da sinadari da gadon busar da laka, in tana bayan gari ta ƙara fadamar kachala a ƙarshe, ta bar wa tankin ƙwayoyi fili tun a zanen farko.

Masaƙar da ke rinin auduga da rini mai narkewa, tana wanke kanzo, tana da tsayayyar wuta, abin da nake ba ta shawara shi ne rufaffen tanki, tankin iska, sannan ɗan sinadari a ƙarshe don share ragowar launi. Sa sinadari a ƙarshe yana rage yawan buhunan da ake saya, yana rage laka. Ita ce kuma za ta fi cin ribar raba ruwa tun daga cikin ɗakin aiki: ruwan ɗaurayar ƙarshe a mayar da shi wankin farko, sodar da ake sheƙa yadi da ita a tattara a sake amfani da ita, ruwan tukunyar rini mai gishiri a ware shi shi kaɗai.

Tantani na wanda burtsatsensa ta fara ja da baya ne, ko yake sayen ruwa a tanka, ko yake sayar wa kamfanonin Turai masu bin diddigin ruwan da ke fita daga masaƙa, ko kuma wanda ruwansa ke ƙarewa kai tsaye a gonakin noman rani, inda gishiri ke kashe ƙasa. Shi ma kada ya tura dukkan ruwansa ta ciki tashin farko. Ya fara da layin tukunyar rini, wanda ruwansa kaɗan ne amma ya ɗauke mafi yawan gishirin, kuma ya tabbatar ya ga inda ragowar za ta zauna kafin ya sa hannu a takardar odar na'ura.